Shekarar da Na Kira Sunan Yayanku

Kun daɗe kuna tambayata a kaikaice dalilin da ya sa Yayanku ya tashi a Zariya a hannun kakarku Inna, ku kuwa kuka tashi a Fatakwal a gabana. Ba wanda ya taɓa yin ƙarfin halin tambayata kai tsaye, sai raɗe-raɗi a bayan ɗaki. Rannan ma da kunnena na ji 'yar'uwarku Binta tana gaya wa 'yarta wai aikin koyarwa ne ya fiye mini ɗa. Ban tanka mata ba, don na san ita ma a wurin wani ta ji. To yanzu zan faɗa da bakina tun ina da sauran numfashi, wanda zai ga laifina ya gani bayan ya san yadda abin ya faru.

A lokacin muna zaune a unguwar Diyobu, bayan kasuwar Mayil Wan, inda babanku yake sayar da wake da albasa. Ana ta maganar Turawa sun kusa tafiya, kowa na cewa wanda bai yi boko ba zai zauna a baya. Manyan unguwarmu suka duba suka ga 'ya'yanmu suna tashi ba su iya karanta ko rubutun jikin mota ba, makarantun da ke kusa kuma na mishan ne, iyaye ba su saki jiki da su ba. Sai suka kafa rumfar kwano a bayan masallaci, suka jera bencina, suka ɗauko malami daga Arewa. Bawan Allah nan bai ƙarasa damina ɗaya ba ya naɗe tabarmarsa. Ya ce ruwan Fatakwal ya ishe shi, amma kowa ya san yaran ne suka kore shi. Daga nan aka tuna akwai matar mai wake da ta yi makarantar horon malamai kafin aure. Alhaji Mamman, dattijon da ke riƙe da al'amuran unguwa, ya tako da kansa ya roƙi babanku. Ni ina daga ɗaki ina ji, zuciyata kamar ta fito don murna, domin na gaji da zaman ɗaki da littattafaina a ƙarƙashin gado suna cin danshi. Kafin ya tafi sai ya ɗaga murya don in ji.

"Amma Malama, naki ne zai fara shiga. Ba za mu ce wa mutane su kawo nasu ba, na malama yana gida."

Na ce to daga bayan labule, ban ko tsaya na yi tunanin abin da na amsa ba.

Yaran nan ba irin waɗanda na sani a Zariya ba ne. A bakin kasuwa aka haife su. A gida su yi Hausa, a waje su yi Turancin Buroka, idan kuma za su yi da kai a gabanka sai su juya harshe zuwa Ibo. Ba su san a durƙusa a gaida malami ba, ba su san ana ɗaga hannu kafin a yi magana ba. Amma ban ji tsoronsu ba, don na zo da abin da aka koya mini. Malamar da ta horar da mu takan ce mana aji da abu biyu ake riƙe shi, ido da suna. Ki san sunan kowane yaro, ki kira shi kafin ya gama shirya ɓarnar, ki dube shi har sai ya sunkuyar da kai. Ta ce duk malamar da ta fara da bulala, to da bulala za ta ƙare, ranar da ta manta da ita a gida kuwa ba ta da aji. Haka na yi. Na haddace sunayensu da na iyayensu da abin da kowa ke sayarwa. Na raba abokan surutu, na kawo ƙanana gaba. Na tara murafen kwalba don lissafi, na shafe allon bango da baƙin tsohon batir, alli kuwa kullum sai na gasa shi a gefen murhu saboda danshi. Idan ruwa ya sauko a kan kwano har ba a jin magana, ba na ɓata maƙogwarona, sai in tafa sau biyu mu koma waƙar ƙirge ko rubutu. Idan hayaniya ta yi yawa sai in rage murya, dole su yi shiru su ji abin da nake faɗa. Duk dabarun nan sun ci a kan kowane yaro, ban da guda ɗaya.

Ku na yanzu sai an yi muku bayani, tun da ina ganin yadda kuke rungumar ɗan fari kuna kiran sunansa har maƙwabta su gaji. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana sai ta hanyar wani. Wanda ya ga tana yi zai ce ba ta sami tarbiyya ba, a zagi gidansu. Nawa kuma ya fi na kowa nauyi, don sunan mahaifin babanku aka sa masa, mijin Inna da ya rasu. A gida Abba ake ce masa don sakayawa, ni kuwa ko Abban ba ya fita daga bakina. "Yaron nan" nake cewa, ko "wancan". Shi ma bai taɓa ce mini uwa ba, Malama yake kirana kamar kowa, a wurin Inna yake ci yake kwana. To ku duba: an ce in riƙe aji da ido da suna, ga yaro a tsakiyar ajin da ba ni da ikon ɗora masa ko ɗaya.

Yara kuwa ba abin da ke wuce musu. Da safe idan ina kiran suna, in na zo kansa sai in tsallake, in saci kallon ƙafafunsa in san ya zo. Ba a daɗe ba na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi da Buroka cewa, "Malama no dey see Abba," wato wai ba na ganinsa. Shi ke nan magana ta bazu. Duk wanda ya jefi wani da murfin kwalba sai a ce Abba ne. Duk wanda ke son cin ƙosai a ɓoye sai ya matsa kusa da shi, don sun gane idona ba ya zuwa wannan kusurwa. Shi kansa da fari yaro ne mai sanyi, amma da ya ga an mai da shi sarki sai ya karɓi sarautar. Na kai shi baya, ya mallake bayan aji. Na kawo shi gaba, na rasa inda zan ajiye idona, ina koyarwa ina kallon rufi kamar mai neman inda ke yoyo. Sai na koma aike ta bakin Ladi, wata 'yar mahauci mai wayo da baki, wadda ta fi su girma.

"Ladi, gaya wa na bayanki ya sauko daga kan benci."

"Wanne, Malama? Ai suna da yawa a bayana."

Ta fi kowa sanin wanne. Na harare ta, sannan ta juya.

"Abba, Malama say make you come down."

"Tell Malama say I no hear," in ji shi.

Aji ya tuntsire da dariya. Ni da na haife shi ina tsaye taku kaɗan daga inda yake, ana kai masa saƙona da Buroka. Na juya ga allo na yi ta rubuta abin da ban san me nake rubutawa ba.

Watannin nan ban san natsuwa ba. In dawo gida in ɗora tukunya in manta da ita har ta kama. In zauna in tashi, in ɗauki tsintsiya in ajiye. Ko a salla sai in tsinci kaina ina sake jera bencina a zuciya, wa zan matsar nan, wa zan mayar can. Na rame har mata suna tambayata ko ciki ne. Da abin ya ishe ni na sami babanku yana tsintar wake a faranti.

"Malam, yaron nan ya hana ni aiki."

"Wane yaro?"

"Yaron nan dai."

"Af. To ki gaya wa Inna mana."

Shi ma fa ɗan farinsa ne, kunyar da ke kaina tana kansa. Na je na durƙusa a gaban Inna na zayyana mata. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Maigidan nawa? Ƙiriniya ce, mai sunansa ma haka aka ce ya yi. Ke dai ki kau da kai."

Kau da kan ne fa ya kawo mu inda muke, amma wa zai gaya wa suruka haka? Na ce to, na tashi.

Ana cikin haka, wata safiya Alhaji Mamman ya shigo ba sanarwa, tare da iyaye maza biyu. Ina can gaba ina gyara wa wani ƙaramin yaro riƙon alli, ban ji shigowarsu ba. Abin da suka tarar shi ne Yayanku a tsaye a kan benci yana kwaikwayon 'yan kamashon tasha, yana ihu, "Anacha! Anacha! Saura mutum ɗaya!" Rabin aji sun jeru a bayansa a kan benci wai fasinjoji ne, wani har da jiniya. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya kira ni waje ƙarƙashin ɗigar kwano, ya yi maganarsa a hankali, abin da ya fi faɗa ciwo.

"Malama, ba mu raina ƙoƙarinki ba. Amma iyaye sun fara cewa gara yaransu su koma kasuwa su taya su talla da su zo nan su koyi iskanci. Idan aka yi Sallah aji bai natsu ba, za mu kulle rumfar nan, kowa ya huta."

Ya san tushen abin sarai, duk unguwa an sani. Amma shi ma ba zai buɗe baki ya ce wa matar aure ta zubar da kunyarta ba. Ya bar mini kayana a kaina ya tafi.

Kada wani ya ce muku fushi ne ya ɗebe ni, ko bakina ne ya kuɓuce. Da hankalina na yi. Kwana da kwanaki ina juya abin, ina gwada faɗar sunan a hankali idan ina wanki ni kaɗai, harshena yana nauyi kamar ba nawa ba. Ranar da na yanke shawara, na shiga aji na fara darasi kamar kullum, ina jira. Ba a jima ba na ji benci ya yi ƙara a baya, dariya ta fara tashi. Na ajiye alli. Na juyo na sa idona a cikin nasa, karo na farko a gaban jama'a tun da na haife shi.

"Haruna."

Ladi ta toshe baki da hannu biyu. Shi kuwa ƙafa ɗaya a kan benci, ɗaya a ƙasa, ya daskare, yana waige ko da wani ake.

"Haruna, da kai nake. Sauko ka zauna, ka ɗauki allonka."

"Na'am... to, Malama," ya ce.

Ya zauna. Na ci gaba da lissafi. Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Duk tambayar da na yi hannunsa na sama, ya sani ko bai sani ba, don dai in sake kiransa. Da aka tashi, maimakon ya ruga gaba da abokansa kamar kullum, sai na ga yana tafiya a gefena, yana daidaita takunsa da nawa. Na ji daɗi a ranar irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro daidai da shi.

Labari ya riga mu isa gida. Yara sun gaya wa iyayensu mata, mata sun kai wa Inna har ɗaki, da gishirinsu. Na yi sallama ba ta amsa ba. Na kai mata abinci, aka dawo da kwanon yadda yake. A bakin famfo mata suka riƙa yin shiru idan na iso, wata ta ce don in ji wai zaman Kudu da boko idan suka haɗu a kan mace sai addu'a. A aji kuwa komai ya daidaita. Da yara suka ga babu sauran kusurwar da idona ba ya zuwa, sai kowa ya shiga taitayinsa. Inna ta yi kwanaki tana cika, sannan wata la'asar ta sa aka kira ni da babanku tsakar gida.

"Ni dai ban taɓa faɗar sunan nan ba har aka binne mai shi," in ji ta. "Yau ga shi a bakin surukata, a gaban 'ya'yan mutane, ana yawo da shi unguwa-unguwa. To ki zaɓa. Ko ki bar rumfar nan ki dawo ɗakinki ki tsince kunyar da kika zubar, ko in ɗauki jikana mu koma Zariya, inda aka san girman mutane."

Na juya wajen babanku.

"Malam, ba ka ce komai ba."

"Inna ta gama magana," ya ce, kansa a ƙasa.

Ban ga laifin Inna ba, har yau ban gani ba. Abin da ta tashi a kai ke nan, kuma a al'ada ɗan fari nata ne, ko ba wannan dalili tana da ikon ɗaukarsa. Amma ta ɗora mini abin da ya fi ƙarfina. Idan na bar aji babu wani malami da zai zo, rumfa ta rufu ke nan, Ladi ta koma wankin kayan ciki a mahauta, sauran su koma ɗaukar kaya, shi ma Yayanku ya rasa karatun, in kuma koma ce masa "wancan" muna gida ɗaya. Idan ya tafi Zariya akwai makarantu, akwai dangi. Na kuma yaudari kaina da cewa Inna za ta huce kafin wata damina ta dawo da shi. Sannan ba zan ɓoye muku ba, ina son aikin nan, ina sonsa ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina durƙushe na buɗe baki.

"Inna, ɗanki ne. Duk yadda kika yi da shi daidai ne."

Ta dube ni, ina jin ba amsar da ta zata ke nan ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya. Ba ta dawo da shi ba kuwa, sai da ya fara gemu na sake ganinsa a gidan nan, ya zo a matsayin baƙo.

Ranar tafiyarsu tsakar gida cike take da masu sallama. Ya zo ƙofar madafa cikin sabuwar riga ya durƙusa.

"Malama, za mu tafi."

Idon mata duk yana kaina, ana jira a ga abin da marar kunya za ta yi. Na ci gaba da juya koko, na ce, "Allah ya kiyaye hanya," ban waiwaya ba. Uwa ba ta rakiyar ɗan fari tasha, don haka na yafa gyalena na tafi aji. Titin jirgin ƙasa ta bayan kasuwa ya bi, ba nisa da rumfarmu. Ina cikin koyar da harufa na ji usur daga wajen tasha. Na ci gaba da magana, amma ni kaina ban san me nake cewa ba, na rubuta harafi ɗaya na goge, na sake rubuta shi. Sai Ladi ta ɗaga hannu, ta miƙe.

"Malama, ki je ki gan shi mana. Go now, we go sidon. Wallahi ba wanda zai motsa."

Ban san lokacin da na fita ba. Na ratsa ta cikin masu manja da masu kifi, taɓo har idon sawu, takalmi ɗaya ya maƙale na bar shi. Na isa bakin titi jirgin ya riga ya fara wucewa, tagogi cike da kawuna da huluna da ƙunshin kaya. Na duba wannan, na duba wancan, ban gane ko ɗaya ba. Na ɗaga hannu sama ko shi zai gan ni, na bar shi a ɗage har taragon ƙarshe ya shige. Wata mai sayar da ayaba ta tambaye ni da Buroka ko wani nawa ne a ciki, na gyaɗa mata kai kawai.

Na dawo a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina shirin tarar da rumfa a kife. Tun daga nesa ban ji motsi ba, har na zaci sun watse. Da na leƙa sai na gan su a zaune yadda na bar su, kowa da allonsa a cinya, har ƙananan nan da ba su iya zama wuri ɗaya. Ba monita, ba bulala, ba malama. Abin da na yi watanni ina nema har na rame ke nan, ga shi an ba ni cikakke, kuma ban taɓa jin shiru mai ciwo irinsa ba. Na ɗauki alli na juya ga allo, hannuna ya ƙi rubutu, kafaɗuna suka fara rawa. Sun ga ina kuka, duk sun gani. Suka zauna suka jira ni har na gama, sannan muka ci gaba da harufa.